Boilarmu ta mutu daren Juma'a, ga jaririya 'yar wata biyar: in hura gawayi?

Maman_Haidar_Leeds:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah shawara nake nema cikin gaggawa. Muna Leeds a Ingila, gidan haya ne, irin na jan bulon nan da ke jere manne da juna. Tun la'asar boilarmu, wato na'urar gas da ke ɗumama gida da ruwa, ta ɗauke, sai wata lamba take ta ƙiftawa a fuskarta. Radiyeta, ƙarafan da ke ba da ɗumi a ɗakuna, duk sun yi sanyi ƙalau, ruwan zafi ma babu. Na kira ejan sau huɗu, saƙo ɗaya nake ji, wai ofis a rufe yake sai Litinin. Baban Haidar yana aikin dare, sai bakwai na safe zai dawo. Yara uku ne a gabana: Haidar mai shekara 7, ƙanwarsa mai 4, sai jaririya 'yar wata biyar. Ma'aunin da ke falo yana nuna digiri 11, kuma an ce daren nan a waje zai sauka ƙasa da sifili. Na yi waya da Hajiyarmu a Kano, ta ce in hura gawayi a kasko in ajiye a ƙuryar ɗaki kamar yadda ake yi a gida. Akwai ragowar wanda muka gasa naman layya da shi a bayan gida. In yi hakan? In ba haka ba, yaya zan yi yaran nan su kwana?

Hauwa_Nas:
Wa alaikumus salam. Maman Haidar, don girman Allah kada ki hura gawayin nan a cikin gida. Ko a falo, ko a kicin, ko a bakin ƙofa. Wannan na fara turowa tukuna, bayani yana tafe.

Hauwa_Nas:
Gawayi in yana ci yana fitar da wata iska da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari balle mutum ya farga. Tana shiga jini ta ƙwace gurbin iskar da muke rayuwa da ita, kuma jini ya fi riƙe ta da kusan ninki 200. Abin da mutum zai ji shi ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, sai kasala da barci mai nauyi. To wanda ya riga ya yi barci fa, da me zai gane? Kuma jaririyar ce za ta fara jigata, don numfashinta ya fi naki sauri. Ko garwashin da ya daina hayaƙi, wanda kike ganin ya lafa, bai daina fitar da ita ba. Haka nan obin na gas, kada ki kunna shi ki bar ƙofarsa a buɗe wai ya ɗumama kicin.

Dan_Fagge77:
Anti Hauwa, ba musu nake miki ba, amma mu da kasko muka tashi. Duk hunturu kakarmu sai ta hura garwashi bayan isha'i, mu zagaye shi muna jin ɗumi tana mana tatsuniya, mu takwas a ɗaki ɗaya. Ga mu nan lafiya lau. In ta ɗan buɗe taga ba shi ke nan ba? Yaran fa sanyi ke cin su yanzu.

Baba_Sani_Landan:
Ɗana na Fagge, ka tuna ɗakin kakar taka da kyau. Ƙofar langa-langa ce ko asabari, iska tana shiga ta ƙasa ta fita ta sama, taga ta katako ce da ba ta rufuwa ruf. Kuma in ka yi tunani za ka tuna tsohuwa ba ta barin kaskon ya kwana da ku, takan fitar da shi tsakar gida kafin ta kwanta. Gidan Ingila an gina shi ne don kada iska ta fita. Gilashi biyu ne a taga, da roba a gefen kowace ƙofa. Ɗan buɗe tagar da kake faɗa, wa zai auna ko ya isa? In kuma ta wangale ta, sanyin da zai shigo ya fi ɗumin garwashin. Sama da shekara talatin ina ƙasar nan, na sha kwana a gida babu ɗumi, ban taɓa shigo da gawayi ba. 'Yata Maman Haidar, ki faɗa wa Hajiya cikin ladabi cewa ginin nan daban yake da na gida. Ita don tausayin jikokinta ta faɗa.

Talatu_Jos:
Baba Sani, ko a gidan ma yana kisa. Ni ina Jos, kun san sanyinmu a Disamba da Janairu. A layinmu wata amarya da mijinta sun rufe ɗaki mai silin da tagar gilashi, suka bar garwashi a ciki. Da hantsi aka ga shiru, aka ɓalle ƙofa. Ita Allah ya yi da sauran kwana a gaba, ta farfaɗo a asibiti, shi kuwa sai gawarsa. Ni na riƙe mata hannu a cikin mota, yatsunta kamar ƙanƙara. Mutane suka yi ta cewa aljanu ne, wasu suka ce sammu. Tun da aka fara gina ɗakuna da siminti da silin abin ya ƙaru, daidai da hayaƙin janareta da ake ajiyewa a baranda.

Dan_Fagge77:
Innalillahi. Allah ya jiƙansa. Na janye maganata, Maman Haidar kada ki hura.

Maman_Haidar_Leeds:
Na fasa wallahi, jikina ma ya yi sanyi. To yanzu me zan yi?

Injiniya_Bello:
Kafin a kai ga batun kwana, mu duba ko boilar za ta tashi. Ba buɗe ta za ki yi ba, wannan aikin mai rajistar Gas Safe ne kaɗai, wato rajistar masu izinin gyaran kayan gas, doka ce. Amma akwai abin da mai gida yake iya dubawa da kansa. Kunna kan murhun gas ɗinki ki gani ko yana kamawa, don in mitarku ta kati ce wani lokaci kuɗi ne kawai ya ƙare. Sannan ki duba wani ɗan agogo a jikin boilar, allurarsa ya kamata ta tsaya tsakanin 1 da 1.5 in tana sanyi. In ta faɗi ƙasa sosai, ruwa ne ya yi ƙaranci a cikin bututun. Sai kuma ki gaya mini, kafin ta mutu kin ji tana wani ƙara kamar ana kuskure baki?

Maman_Haidar_Leeds:
Murhu yana kamawa, Malam Bello. Allura tana kan 1.2. Ƙaran kuwa na ji shi tun jiya da asuba, gurgur-gurgur, na ɗauka haka take yi.

Injiniya_Bello:
To akwai alamar bututun da ke zubar da ruwan boilar ne ya daskare. Boilolin zamani suna fitar da ɗan ruwa ta wani farin bututun roba da ke ratsa bango zuwa magudana a waje. In ƙanƙara ta toshe shi, ruwan ya koma ciki, sai boilar ta kashe kanta don kariya. A sanyin ƙarshen Fabrairun 2018 wannan ne ya kashe wa ɗimbin gidaje ɗumi a ƙasar nan, mu da kanmu har da mu. In bututun yana ƙasa inda hannunki zai kai, ki zuba masa ruwan ɗumi a hankali, musamman a lanƙwasa da kuma bakinsa. Ruwan ɗumi na ce, ba tafasasshe ba, don kada robar ta tsage. Kada ki hau tsani cikin duhu, kuma ki kula ruwan da ya zube zai daskare ya yi santsi. Daga nan ki danna maɓallin sake tayar da ita sau ɗaya.

Ummu_Sultan_Winnipeg:
Kafin ta dawo daga bayan gida bari in faɗi abin da muke yi a nan Kanada, inda ake kaiwa digiri 30 ƙasa da sifili. Ki manta da gidan gaba ɗaya, ɗaki ɗaya za ki ɗumama. Zaɓi mafi ƙanƙanta, wanda tagarsa ɗaya ce, in da hali a sama, kuma wanda bangonsa yake manne da na maƙwabta, don su nasu ɗumin yana aiki. Rufe sauran ƙofofi duka. Naɗe tawul ki cusa a ƙasan ƙofa. Ja labule, in marar kauri ne ki rataya bargo a kansa. In ƙasan katako ne ki shimfiɗa darduma ko sallaya biyu. Jikin babban mutum kaɗai yana fitar da ɗumi kusan wat 100, to ku huɗu a ƙaramin ɗaki a rufe ba ƙaramin abu ba ne. Kayan sawa kuma gara uku marasa nauyi a kan juna da babbar riga guda, sai safa da hula. Mu da wutarmu ta taɓa ɗaukewa, tantin yara muka kafa a kan katifa, muka shige ciki mu duka, har gumi muka yi. Ku haɗu a gado ɗaya ku lulluɓa da duk bargon gidan.

Hauwa_Nas:
Maman Sultan, duk na yarda sai guda. Manyan yaran su kwanta tare, babu laifi. Jaririyar kuwa kada ta shiga ƙarƙashin bargon manya, kada kuma ta kwana gado ɗaya da yayyenta, za su iya danne ta cikin barci. Ki jawo gadonta kusa da naki, ki kwantar da ita rigingine. Ki ƙara mata riga ɗaya ko biyu a jiki da jakar barcinta, ko bargo marar nauyi da aka cusa gefensa, iyakarsa ƙirji. Hula in tana hannunki ido biyu ba komai, amma a cire in za ta yi barci. Kada a sa mata gorar ruwan zafi ko bargon lantarki. Ɗakin jariri digiri 16 zuwa 20 ake so, don haka ba sai ɗakin ya zama kamar Azare a watan Afrilu ba. In za ki duba ta, ƙirji ko ƙeya za ki taɓa, hannu da ƙafa dama sukan yi sanyi. In kika ji ƙirjin da sanyi, ta yi laushi, ta yi shiru fiye da yadda kika saba, ko ta ƙi kama nono, 999, lambar gaggawa, za ki kira nan take. In shakka ce kawai, 111, layin neman shawarar lafiya. Kuma ki yawaita ba ta nono, kada kuma barci ya ɗauke ki da ita a kan kujerar falo.

Ummu_Sultan_Winnipeg:
Gaskiyarki Anti Hauwa, namu lokacin ƙaramin yana da shekara uku. Na gode da gyara.

Maman_Haidar_Leeds:
Na zuba buta uku, har na ji wani guntun ƙanƙara ya faɗo. Na danna maɓallin, ta kama kamar minti biyu, har Haidar ya fara tsalle, sai ta sake mutuwa da lambar nan dai.

Injiniya_Bello:
To ki bar ta haka, kada ki yi ta dannawa. Ko dai akwai sauran toshiya ta ciki, ko kuma wani abu ne daban. Duba ko kuna da tankin ruwan zafi a cikin wani kabad a sama. In akwai, galibi yana da makunnin lantarki a bango, zai ba ku ruwan zafi ko boila ba ta aiki. In kuma kika ji warin gas ko kaɗan, buɗe tagogi, kada ki taɓa makunnin wuta, ku fita waje ki kira layin gaggawa na gas, lambar tana jikin mita ko takardar bil.

Hajiya_Bilki_Harehills:
'Yar'uwa, ai a gari ɗaya muke! Me ya sa ba ki yi magana tun da rana ba? Ina da hita mai mai a ciki, irin mai taya, ba ma amfani da ita. Turo mini adireshi ta akwatin sirri, ɗana zai kawo miki yanzu da gorar ruwan zafi biyu. Ko kuma ya kwaso ku gaba ɗaya, ɗakin baƙi yana nan babu kowa.

Maman_Haidar_Leeds:
Allah ya saka da alheri Hajiya, na turo. Hitar dai za mu karɓa. Kwana kuwa ban samu Baban Haidar a waya ba, ba a barin su da waya a wurin aiki, ba na so ya dawo ya tarar da gida babu kowa.

Zee_Coventry:
Ni dai da ni ce tafiya zan yi in bar masa saƙo. Wane uba ne zai yi fushi don an kai jaririyarsa inda ke da ɗumi? Kunyar nan tamu tana cutar da mu a ƙasar nan. Mutum yana cikin matsala ya rufe ƙofa ya yi shiru, kada a ce ya kasa.

Baba_Sani_Landan:
Zainabu, ki bar ta da abin da hankalinta ya kwanta da shi. In hitar ta kai ɗakin 16 ko 17 za su kwana lafiya. In ƙarfe goma sha biyu ta yi bai hau ba, to ta tafi gidan Hajiya, ni zan yi wa mijin bayani da kaina in ta ba ni lambarsa.

Abu_Maryam_Bronx:
Tunda hita ta shigo zancen, ku ba ni minti ɗaya. Ranar 9 ga Janairun 2022 gobara ta tashi a wani dogon bene a nan Bronx, cikin birnin New York, mutum 17 suka rasu, takwas yara ne, yawancinsu 'yan'uwanmu Musulmi 'yan asalin Gambiya. Daga hitar lantarki ta fara a ɗakin kwana, ƙofar gidan kuma ba ta rufe kanta ba, hayaƙi ya cika bene. Na je jana'izar, ban taɓa ganin makara jere da yawa haka ba. Don haka hita a soket ɗin bango kai tsaye, ba a ekstenshan ba. Tazarar mita ɗaya tsakaninta da labule, gado da kaya. Kada a shanya kayan jariri a kanta, na san za a so yi tunda babu radiyeta. Ki taɓa filogin bayan rabin awa, in ya yi zafi ki cire. Mai man ta fi mai jan ƙarfen nan aminci, amma ni ko ita ba na barinta a kunne in kowa ya yi barci. A ɗumama ɗakin sosai, a kashe, in an tashi shayarwa a sake kunnawa.

Zee_Coventry:
Ni tawa tana kwana a kunne a kan lamba ta ƙasa, tana da abin da ke kashe ta in ɗaki ya yi ɗumi. Da jaririya a digiri 11 ban ga yadda za a kashe ba.

Abu_Maryam_Bronx:
'Yan kwana-kwana dai cewa suke a kashe. Abin da na gani da idona ya sa ba na sassautawa. Aƙalla ta tabbata ƙararrawar hayaƙin gidan tana aiki.

Hajiya_Bilki_Harehills:
Wannan magana ta ƙararrawa mu mata ta fi shafa. Gidaje nawa na shiga na ga an sa mata safa ko leda, ko an cire batirin, saboda turaren wuta yana tayar da ita? A yi turare a gama, a manta ba a mayar ba har wata shida. Kowa ta ɗaga kai ta duba silin ɗinta yau.

Maman_Haidar_Leeds:
Hajiya kamar kina gidan. Tun sunan jaririyar nan leda take kai. Na hau kujera na cire, na danna, ta yi ƙara.

Sadiq_Kaduna_Boy:
Akwai wata dabara da na gani a TikTok, a kunna ƙananan kyandir huɗu a kife tukunyar fulawa ta ƙasa a kai, wai tana ɗumama ɗaki.

Injiniya_Bello:
Sadiq, ƙaramin kyandir bai wuce wat 40 ba, huɗu ba su kai 200 ba, hitar da za a kawo mata kuwa tana iya kai 2,000. Tukunyar ba ta ƙara ko ɗigon zafi, tara shi kawai take yi wuri ɗaya har kakin ya kama da wuta ko ita ta fashe. Ga yara biyu masu guje-guje a ɗaki. A bar wannan.

Barista_Aliyu:
Ta fuskar doka, a Ingila gyaran abin ɗumama gida da na ruwan zafi yana wuyan mai gida ne, sashe na 11 na dokar mai gida da ɗan haya ta 1985. Dokar ba ta yanke awa kaza ba, cewa ta yi cikin lokacin da ya dace, amma rashin ɗumi a tsakiyar hunturu da jaririya a gida abin gaggawa ne. Waya ba ta barin shaida. Yanzun nan ki tura imel: ranar da ta lalace, lambar da take nunawa, shekarun yara, da hoton ma'aunin yana nuna 11. Ki roƙi a kawo hita na wucin gadi kafin a gyara. Duba takardar hayarku, sau da yawa akwai lambar gaggawa ta bayan tashi daga aiki a shafukan ƙarshe, ko adireshin mai gidan kansa. In Litinin ta wuce shiru, ki kai ƙara sashen kula da gidajen haya na kansil, tsananin sanyi yana cikin haɗurran da suke dubawa a ƙarƙashin dokar gidaje ta 2004. Kuma dole ne duk wata 12 a turo mai rajista ya duba kayan gas a ba ku takarda. Tun Oktoban 2022 dole ne kuma a sa ƙararrawar kabon monoksaid a ɗakin da boila take.

Musa_Hamburg:
Ku rage kuɗin haya kawai. A nan Jamus in ɗumi ya lalace a hunturu, ka sanar da mai gida a rubuce, doka ta ba ka damar rage haya gwargwadon kwanakin. Da sun ga kuɗi ya ragu, da gudu suke zuwa.

Barista_Aliyu:
Malam Musa, wannan dokar Jamus ce. A Ingila in ta riƙe haya, bashi ne ya hau kanta, kuma ana iya kafa hujja da shi a nemi fitar da su. Ta biya cif, ta adana rasit na lantarkin da hita ta ci, ta nemi diyya daga baya. Ƙungiyoyin agaji na Shelter da Citizens Advice suna ba da shawara kyauta kan wannan.

Zee_Coventry:
Barista, ba an yi sabuwar doka ta awa 24 ba?

Barista_Aliyu:
Dokar Awaab kike nufi, wadda aka sa wa sunan yaron nan ɗan shekara biyu da ya rasu a Rochdale a 2020 saboda fumfunar da ta cika gidansu. Ta fara aiki a Oktoban 2025, amma a kan gidajen kansil da na ƙungiyoyin gidaje. Na Maman Haidar ta hannun ejan ne, na mai zaman kansa.

Malam_Nura_Bradford:
Tambaya ta gefe. A irin wannan hali, ruwan famfo kamar ƙanƙara, mutum zai iya taimama?

Ustaz_Kabiru:
In yana da butar lantarki da zai ɗumama ruwa, to bai rasa hanya ba, ya sirka ya yi alwalarsa. Taimama saboda sanyi sai in ana tsoron cuta kuma babu yadda za a ɗumama. Sauƙin da ke akwai shi ne shafa a kan huffi in an sa shi da alwala. A Malikiyya na fata ake nufi. Wasu malamai, kamar Hanbalawa, sun yarda da safa mai kauri, kwana ɗaya da yini ga mazaunin gida.

Hajiya_Bilki_Harehills:
Wanka ma ai mun iya na bokiti tun kafin mu san shawa. Ruwan sanyi ake fara zubawa sannan na zafi, kuma kada a ratsa ta kan yara da buta a hannu. Yaran ma in sun kwana biyu ba wanka ba abin da zai same su, a goge su da tsumma mai ɗumi a shafa musu man kaɗanya. Ki dama musu kunun gyaɗa su sha kafin su kwanta, ke kuma shayi da citta da kanumfari. Gorar ruwan kada ki cika ta, kashi biyu cikin uku, ba tafasasshe ba, a naɗe da tawul. Ki ɗumama shimfiɗar manyan da ita, ki cire in sun kwanta.

Garba_Houston:
Ina karantawa ina tuna Fabrairun 2021 a Texas. Wuta ta ɗauke wa miliyoyin mutane, hukumar lafiya ta jihar ta ƙirga mutum 246 da suka rasu, wasu ba sanyin ne ya kashe su ba, mota suka tayar a cikin gareji ko suka shigo da abin gashin nama. Mu kwana uku muka yi, ku taku da sauƙi tunda akwai lantarki. Abin da ya fi ba mu wahala daga baya bututun ruwa ne, ya daskare ya fashe a cikin silin, ruwa ya sauko kan katifu. Maman Haidar, ki buɗe ƙofar kabad ɗin ƙarƙashin sinki, ki riƙa buɗe famfo lokaci-lokaci, kuma ki nemo inda makullin ruwan gidan gaba ɗaya yake tun yanzu.

Maman_Haidar_Leeds:
Barkanmu da asuba. Mun kwana lafiya alhamdulillah. Ɗan Hajiya ya kawo hita wajen goma da rabi, muka koma ƙaramin ɗakin sama, tawul a ƙofa, bargo a taga. Kafin sha biyu ma'auni ya kai 17. Na kashe da zan kwanta kamar yadda Baban Maryam ya ce, ƙarfe uku na tashi shayarwa na ga 14, na sake kunnawa na zauna har ya hau. Ban yi wani barcin kirki ba, hannuna yana ƙirjinta. Na samu lambar gaggawar a shafi na ƙarshe na takardar haya, Barista, sun ce mai gyara zai zo gobe Lahadi. Ƙararrawar kabon ɗin kuwa na duba kicin kaf, babu ita. Abin da ke damuna yanzu mita, fam biyar ta cinye daga daren jiya.

Injiniya_Bello:
Lissafin haka yake. Hita mai wat 2,000 tana cin yunit biyu a awa, ni a bil ɗina yunit kusan fens 27 ne, awa takwas ya haura fam huɗu. Sa ta a matsakaici, ɗaki ɗaya kawai. In kuɗin mita ya kusa ƙarewa akwai bashin gaggawa da ake dannawa, kuma ki kira kamfanin ki ce akwai yara 'yan ƙasa da shekara biyar, su sa ku a rajistar waɗanda ake fifitawa, kyauta ne.

Zee_Coventry:
Da rana kuma kada ku zauna kuna ƙona kuɗi. Laburare kyauta ne kuma da ɗumi, akwai sashen yara. Masallatai da dama ma suna buɗe.

Hajiya_Bilki_Harehills:
Wane laburare ana zaune ƙalau? Na ɗora farfesun kayan ciki. Maman Haidar, ki faɗa wa maigidan in ya tashi barci ku taho ku yini, zumunci a ƙafa yake.

Dan_Fagge77:
Na kira gida jiya da dare na sa ƙanena ya je ya duba ɗakin mahaifiyarmu. An yi mata silin da tagar gilashi bara, kuma kaskon yana ciki. Ta ce ita tun tana yarinya haka take kwana. Anti Talatu, in ba damuwa zan tura mata labarin da kika bayar da murya, wataƙila ta ji.

Talatu_Jos:
Tura mata. Ka kuma ce wa ƙanen naka ya riƙa zuwa da kansa yana fitar da shi bayan isha'i, tsofaffi ba sa son a ce sun yi kuskure. Ka saya mata bargo mai nauyi da safa.

Maman_Haidar_Leeds:
Mai gyara ya zo yau Lahadi, na nemi katinsa na Gas Safe ya nuna mini. Ya ce bututun ya daskare da gaske, amma ruwan da ya koma ciki ya taɓa fankar boilar, sai an yi odar wata, Talata ko Laraba. Ya bar mana ƙaramar hita mai fanka. Na yi masa maganar ƙararrawa, ya ce zai rubuta wa ejan. Sabuwar matsala kuma, tagar ɗakin da muke kwana tana ta zubar da ruwa da safe, har kusurwar bangon ta fara yin baƙi-baƙi. In buɗe taga ne ɗumin ya tafi, ko in bar ta?

Ummu_Sultan_Winnipeg:
Numfashinku ne yake taruwa a gilashi. Da safe in kun sauka ƙasa, ki goge ruwan, ki buɗe tagar minti goma ki rufe. Kada ki shanya wanki a ɗakin.

Barista_Aliyu:
Ki ɗauki hoton baƙin nan yau da kwanan wata, ki haɗa da imel ɗin farko. Ƙararrawar kuma kada ki jira ejan har Laraba, ana samunta a manyan kantuna ƙasa da fam 25, ki riƙe rasit.

Malam_Nura_Bradford:
Tamu tana nan a kicin amma tun da muka shigo gidan ban taɓa jin ƙararta ba. Malam Bello, tana da ranar daina aiki ne, a ina ake dubawa?